Yadda Ake Tantance Jif ɗin Iyali a Saudiyya Kafin a Biya Kuɗi, Sabuwa ko Ta Hannu

Idan yara suka kai huɗu, ga uwargida, ga 'yan uwa masu zuwa Umara da ba sa yankewa daga Rajab har ƙarshen azumi, Camry ko Elantra ta daina ɗaukar gidan. Daga nan ne magidanci a Jidda ko Makka yake fara leƙa Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, da daddare yana kallon matsakaitan jif-jif: Hyundai Santa Fe, Kia Sorento, Toyota Highlander, Mazda CX-9, Nissan Pathfinder, Honda Pilot, Ford Explorer, da 'yan China irin su Changan CS95 da Jetour X70 da suka cika titi a 'yan shekarun nan. A hoto dukkansu kyawawa ne. Abin da zai raba maka su shi ne ka gwada kowace a irin halin da za ta zauna a hannunka, wato da rana tsaka, esi a kunne, kujeru cike da mutane. Yawancin masu sayarwa kuwa bayan isha'i suke son a haɗu, lokacin da gari ya yi sanyi kuma fitilar titi ta ɓoye tabon fenti.

Ka san irin motar da kake nema tukuna. Waɗannan da na lissafa, samfuransu na shekarun nan, jikinsu da shasinsu a haɗe aka ƙera su, kamar ƙaramar mota, shi ya sa suke da laushi a kwalta kuma ba sa shan mai sosai. Prado da Fortuner daban ne, a kan shasi mai zaman kansa aka ɗora jikinsu. In burinka shiga rairayi ne duk ƙarshen mako, can za ka nufa. In kuwa kai yara makaranta ne, da cefane, da zuwa Madina lokaci-lokaci, wannan ajin ya ishe ka.

Fara da takardunka, ba da motar ba

Wannan matakin mutane suke tsallakewa, kuma shi ne yake maido da ciniki baya bayan an gama shi. Ɗan ƙasa ba ruwansa da wannan, amma mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, yana da iyaka: Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ba ta barin baƙo ya mallaki mota mai kujera 7 ko fiye sai in yana da iyali mutum 5 ko fiye a ƙarƙashin iƙamarsa, kuma motocin gida 2 kaɗai aka yarda ya riƙe da sunansa. An yi haka ne don hana kabu-kabu da motar gida. To Highlander da CX-9 da Pathfinder duk masu layin kujeru uku ne, Santa Fe da Sorento ma mafi yawan waɗanda za ka gani masu kujera 7 ne. Adadin da aka rubuta a istimara, takardar rajistar motar, shi ne abin dubawa, ba abin da mai mota ya faɗa ba. Idan iyalinka suna Kano ko Damagaram kai kaɗai kake nan, nemi mai kujera 5 tun farko ka huta.

Sai ka buɗe Absher, manhajar hidimomin gwamnati, ka ga lasinka da iƙamarka suna da sauran kwana, kuma babu tarar Sahir, wato ta kyamarorin titi, da ke kanka. Tara ɗaya da ba a biya ba tana tsayar da sauya suna.

Wani zai ce maka, "Alhaji, ai abu mai sauƙi ne, a sa ta da sunan wane." Kada ka yarda, ko da ɗan ɗakinku ne. Duk tarar da ka ci shi za ta hau, in an yi hatsari shi za a nema, kuma ranar da ya rasu ko aka ba shi bizar fita ta ƙarshe, a gaban doka motar ba taka ba ce.

Lissafin kuɗi

Kuɗin mota daban, kuɗin riƙe ta daban. A sabuwa, tambayi ko farashin da aka faɗa ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 da kuɗin lamba. A ta hannu, ware wani abu gefe na inshora, da taya 4 in suka tsufa, da sauya mai da tacewa na farko. Tayar waɗannan motoci inci 18 ce zuwa 20, kuma mai 20 ta fi tsada nesa ba kusa ba, ga ta da saurin kumbura in ta daki rami. Ni a wurina ƙafa 18 ta fi dacewa da gidan da ake lissafi.

Buɗe murfin tanki ka karanta man da aka ce a sa mata. Tun Yulin 2021 aka tsayar da litar 91 a riyal 2.18, ta 95 kuma 2.33. A lita 60 bambancin riyal 9 ne kacal, don haka kada wannan ya firgita ka. Abin da ke cin aljihu shi ne yawan shan man, musamman inji 3.5 mai silinda 6 a cunkoson Shara Mansur na Makka. Sababbin motoci suna zuwa da takardar hukumar SASO manne a gilashi, mai nuna kilomita nawa lita ɗaya take kaiwa. Kwatanta mota da mota da ita, amma ka sani da esi da lodi ba za ka samu wannan adadin ba.

Idan ta banki za ka saya, irin hayar da ke ƙarewa da mallaka, motar da sunan bankin take har ka gama biya. Kada kuɗin wata-wata ya ɗauke maka hankali. Tambayi nawa ne kason ƙarshe, domin sau da yawa a can aka tara nauyin, sannan ka haɗa duka tun daga na farko ka ga jimillar.

In sabuwa ce

Je wakala, wato babban dillalin kamfanin motar, da iyalin gaba ɗaya. Toyota tana hannun Abdul Latif Jameel, Mazda tana wurin Haji Husein Alireza, Honda wurin Abdullah Hashim, Hyundai kuma a yankin Jidda da Makka tana hannun Mohamed Yousuf Naghi. Ba kallon allon gaba da fitilun ado ya kai ku ba. Layi na uku kuka je gani.

Sa babban ɗanka ya shiga can baya, wani babba kuma ya zauna a gabansa a layi na biyu ya gyara kujerarsa yadda zai ji daɗi. Yanzu dubi gwiwar yaron. In ta tokare bayan kujera tana kallon haɓarsa, ka tuna daga Makka zuwa Madina sama da kilomita 400 ne. A Santa Fe da Sorento layin baya na yara ne. Pilot da Explorer da sabuwar Pathfinder sun fi yalwa. Sannan ka sa Hajiya ta gwada shiga da fita da abayarta, ka ga ko kujerar tsakiya tana zamewa gaba da hannu ɗaya ko sai an yi kokawa. Ka ɗaga kujerun baya duka ka buɗe but: abin da ya rage a nan shi ne ainihin wurin kayanka, kuma a yawancinsu keken jariri da jarkar Zamzam biyu sun cika shi.

Nemi bakin iskar esi a layi na uku, ka ga ko yana da makunninsa. Wasu motocin masu ƙaramin daraja, waɗanda ake kira standar, ba su da shi, kuma a garin da zafi ke wuce digiri 45 wannan kaɗai ya isa ka ƙara kuɗi ka ɗauki nus-ful, mai matsakaicin daraja. Rufin gilashi kuwa, da ake tallata ful-kamil, mai babban daraja, da shi, a wannan ƙasar zafi yake ƙara wa kan yara. Leƙa ƙarƙashi ka ga ko safaya cikakkiya ce ko siririya. Lalubi ƙarafan ISOFIX na ɗaure kujerar jariri a layi na biyu, domin doka ta hana yaron da bai kai shekara 10 ba zama a gaba.

Zagayen minti goma da wakala take bayarwa ba ya nuna komai. Dabarar da ta fi ita ce ka ɗauki hayar irin motar na kwana ɗaya, ka loda iyali ku hau Ɗa'if ta hanyar Hada, in a buɗe take. Hawan nan mai kwana-kwana zai gaya maka ko inji 2.5 mai silinda 4 yana iya ɗaukar gidanku ba tare da kururuwa ba, saukowa kuma za ta nuna maka birki da giya. Kuɗin hayar kwana ɗaya ba komai ba ne a kan motar da za ka riƙe shekaru.

Ranar karɓa, kada ka sa hannu sai ka zagaya ta a cikin haske. Dubi takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, wata da shekarar ƙira suna nan. Motar da ta shekara a fili tana shan rana sabuwa ce a takarda, amma batirinta da tayoyinta sun fara tsufa, kuma wannan hujjar neman ragi ce. Karɓi littafin garanti ka karanta shekara nawa ne ko kilomita nawa, wanda ya riga cika. Sabuwar motar gida ba a kai ta fahas dauri, wato binciken lafiyar mota na hukuma, sai bayan shekara 3, daga nan kuma duk shekara.

In ta hannu ce

Nan aikin yake. Ko a Haraj ka gan ta, ko shafin Syarah, ko a ma'arad, wato filin sayar da motoci, na unguwar Jauhara a Jidda, ko Shifa da Ƙadisiyya a Riyad, tsarin ɗaya ne.

Karanta tallar da kyau. "Bodi wakala" yana nufin ba a taɓa yi mata fenti ba. "Rash" an fesa wani wuri, sai ka tambayi ina da kuma dalili. "Ala shart" alkawari ne cewa in bincike ya nuna saɓanin abin da aka faɗa, cinikin ya warware. "Mamsha" maleji ne. Tambaya ta farko a waya ita ce, "Malam, da sunanka take?" In ya fara kame-kame, shariɗi ne, mai saye ya gyaggyara ya sayar. Ba haramun yake yi ba, amma bai san tarihin motar ba, ko ya sani ba zai faɗa ba.

Kafin ka taka ƙafa, karɓi lambar shasi mai harafi 17. Harafi na 10 shi ne shekarar samfuri: L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Na farko kuma ƙasar ƙira: J Japan, K Koriya, L China, 1 ko 4 ko 5 Amurka. Da wannan lambar ka sayi rahoton Mojaz, wanda yake nuna mutum nawa suka mallake ta, hatsarin da aka rubuta, da malejin da aka gani a lokuta daban-daban. In a 2022 an rubuta kilomita 140,000 yau kuma agogo yana nuna 95,000, magana ta ƙare. Sai dai rahoto mai tsabta ba shaidar cewa ba a taɓa bugawa ba ce, domin karon da aka sasanta a bakin titi ba tare da kiran Najm, kamfanin da ke rubuta rahoton hatsari, ba, ba ya shiga ko'ina. Da lambar dai za ka duba shafin Ma'aikatar Kasuwanci na kiranyen motoci, ka ga ko akwai gyaran kyauta da ba a kai ta ba.

Tambayi kuma ko ta Saudiyya ce, ko ta Khalij, wato ƙasashen Larabawa maƙwabta, ko warid Amurka, wadda aka shigo da ita ta hannu daga can. Ba duk mai harafin Amurka ce warid ba, tun da Highlander da Pilot da Explorer can ake ƙera su wakala ta kawo. Wadda wani ya sayo ta hannu daga can ita ce abin tsoro, saboda da yawansu daga gwanjon motocin hatsari suke fitowa, kuma farashinsu yana faɗuwa in ka tashi sayarwa.

Ka sa lokacin haɗuwa bayan azahar, ka roƙe shi kada ya tada ta kafin ka zo. Da isarka ɗora hannu a bonet. In da ɗumin inji, ba na rana ba, an riga an ɗumama ta, kuma ƙarar da inji yake yi da sanyinsa ta wuce ka.

Tun tana kashe, buɗe murfin baƙin mai ka juya shi. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, ruwa yana haɗuwa da mai, ka ajiye murfin ka yi sallama. A Explorer ta 2011 zuwa 2019 mai inji 3.5 wannan duban wajibi ne, domin famfon ruwanta a cikin inji yake, kuma in ya lalace yana iya zubar da ruwa cikin baƙin mai. Dubi robar ruwan lagireto: ruwan ya zama mai launi, ba ruwan famfo mai tsatsa ba. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi da zafi, ko mai motar ya ce ba komai.

Murɗa makulli ba tare da ka tada ba. Fitilun dashbod duka su kama, har da ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, akwai yiwuwar an kashe ta da gangan. Tada ta ka tsaya a gaba ka saurara. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wadda take ƙaruwa in an taka totur, alamar lalacewar metal ɗin cikin inji ce. A Santa Fe da Sorento tsofaffi masu inji 2.4 na Theta II ka ƙara kasa kunne, saboda an yi kiranye mai yawa a Amurka kan wannan matsalar. Leƙa salansa: hayaƙi shuɗi ƙona mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa gaskit ne.

Yanzu gwajin da ya fi kowanne a ƙasar nan. Bar ta tsaye a rana, esi na gaba da na baya duka a ƙure, na kwata ɗaya na awa. Kada ka zauna a gaba, koma layi na uku ka sa tafin hannu a bakin iskar. Esi mai rauni yana sanyi in mota tana gudu, yana sakewa in ta tsaya, kuma a layin makarantar yara tsayuwar ce ta fi yawa. A motoci da dama bututun gas na esin baya ta ƙarƙashin mota suke bi, nan ne suke fara yoyo. Idonka kuma yana kan allurar zafi, kada ta wuce tsakiya, kunnenka yana jin fankokin gaba suna tashi.

Ga mutanen Jidda akwai ƙarin aiki. Garin ya ga ambaliya a Nuwamban 2009, da Janairun 2011, da kuma 24 ga Nuwamban 2022, kuma motocin da suka sha ruwa ba duka suka tafi tashlih, inda ake kwance matattun motoci, ba. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, abin da mai wanki ba ya yi. In can ƙarshe ka ga layin laka ko tabon ruwa, iyakar inda ruwa ya kai ke nan. Haska ƙarfen da kujerar direba take zamewa a kai, ka nemi tsatsa a kan kusoshi. Ɗaga shimfiɗar but ka sa yatsa a lungu. Turare mai yawa a motar da ake sayarwa shi ma abin tambaya ne. Motar ruwa tana iya tafiya lafiya wata shida, sannan wayarin ya fara ba ka wahala ɗaya bayan ɗaya.

Taya: a gefenta bayan DOT, lambobi 4 na ƙarshe mako da shekara ne, 2321 yana nufin mako na 23 a 2021. Zafin kwalta yana busar da roba tun zanen bai cinye ba, don haka nemi tsattsagewa a gefe. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, ko alaimen ne ko ƙafar ta taɓa bugawa.

Sai tuƙi, rediyo a kashe. Tambayi irin giyar, domin kowace da inda take nuna ciwonta. Giya otomatik ta gargajiya, taka birki ka sa ribas ka dawo gaba, kada ta yi jinkiri ko ta daka. Pathfinder ta 2013 zuwa 2020 irin giyar da ake kira CVT gare ta, kuma an san ta da karkarwa in ana ja a hankali da ƙaramin gudu, don haka gwada ta daidai nan, ka kuma nemi rasit na sauya man giya. Daga 2022 Nissan ta koma giya 9 ta gargajiya. Mai kulochi biyu, DCT, a cunkoso da kan gada take tona kanta: tsaya a hawa, saki birki, ka ji ko tana kakkarwa kafin ta kama. Fita babban titi ka kai 100 zuwa 120, ka ji sitiyari. Gurnani mai ƙaruwa da gudu boris ne. A wurin da babu kowa a bayanka taka birki da ƙarfi, kada ta ja gefe. In Highlander mai haɗin batir ce, batirin yana ƙarƙashin kujerun tsakiya, ka duba ragar da iska take shiga ta sanyaya shi, kada ƙura da tarkacen yara su toshe ta.

In ta tsallake duk wannan, kai ta cibiyar binciken kwamfuta wadda kai ka zaɓa, kai kuma za ka biya. Ba fahas dauri ba, wannan kawai yana cewa motar ta cancanci hawa titi. A cibiyar za su ɗaga ta sama, su auna kaurin fenti, su jona na'ura. Shiga ƙarƙashi tare da injiniyan. Fentin bamba ko ƙofa ɗaya ba abin fasa ciniki ba ne, abin rage kuɗi ne. Walda a kan shasi, ko fenti a ginshiƙai da rufi, ko jakar iska da ta taɓa fashewa, waɗannan ko an ce rabin kuɗi ne ba na iyali ba ne. Ka ce ya duba ko an goge lambobin matsala kwanan nan, na'urar tana nuna haka.

Ciniki da sauya suna

Da takardar binciken a hannu ake ciniki. Kira mai kayan gyara a sina'iyya, unguwar gareji, ka ji kuɗin kowane abu da aka lissafa, ka cire daga abin da mai motar ya ce shi ne haddinsa, wato farashinsa na ƙarshe. Wannan kiran zai kuma gaya maka ko kayan motar suna samuwa, abin da ya fi muhimmanci a 'yan China da ba su daɗe a kasuwa ba. In za ka ba da kafin alƙalami, ya zama kaɗan, a rubuce, da sharaɗin dawowa in wani abu ya ɓullo.

Sauya suna ana yin sa a Absher ko a ma'arad mai lasisi. Sai istimara da fahas suna da rai, kai kuma ka yanki inshora da sunanka, ko ta ɓangare na uku ko cikakkiya. Tameeni yana jera farashin kamfanoni ka zaɓa. A Absher kuɗin motar yana zama a asusun tsakiya har a miƙa ta, wanda ya fi tura wa baƙo kuɗi kai tsaye. Wadda kuma aka ce "tanazul" ce, ta banki ce da sauran bashi, sai bankin ya amince da kai a rubuce kafin ka ba kowa ko sisi. Karɓi makulli biyu, domin yanka na biyu a waɗannan motoci ba arha.

Makon farko ka sauya baƙin mai da matatarsa, matatar iska, da ta esi wadda take bayan aljihun dashbod, komai abin da aka ce maka an yi. Ka buɗe fayil ka riƙa jefa kowane rasit a ciki. Mai iƙama ba ya samun bizar fita ta ƙarshe da mota a kan sunansa, don haka wata rana dole ka sayar ko ka fitar da ita, kuma mai saye na gaba rasit ɗin zai fara tambaya. In kuwa niyyarka ka tura ta gida, sitiyarinta na hagu ya dace da Najeriya da Nijar, sai dai ka kira bakanikenka na can tun yanzu ka ji ko ana samun kayan wannan samfurin a kasuwa.